Asalin Kalma: Birki

Duk wanda ya tsaya a mararrabar Jega, inda manyan motoci ɗauke da albasar Aliero ke kama hanyar Maiyama zuwa Kudu, zai ji kalmar nan a bakin direbobi da makanikai. Birki, ko burki a bakin wasu, aro ce daga kalmar Ingilishi "brake". Ta shigo mana ne a zamanin Turawan mulkin mallaka, tare da mota da jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911.

Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, kuma ya fi son rufe ta da wasali. Shi ya sa ya cusa "i" a tsakiya, ya ƙara wani a ƙarshe. Haka ya yi wa burodi da buroshi.

A gareji ana cewa man birki, birkin hannu, ko birki ya tsinke. Idan ƙarfen birkin da ke juyawa da taya ya yi zane, akan kankare cikinsa a inji har ya yi sumul, sannan a sa wa abin da ke matse shi sabon shafi. Amma in kankara ta yi yawa, ƙarfen yakan yi siriri, ya ɗauki zafi, har ya tsage.

Kalmar ta zarce gareji. Akan ce an taka wa mutum birki idan aka hana shi wuce gona da iri. Direba, duba birkinka kafin ka ɗauki hanya, domin rayukan jama'a amana ne a hannunka.