Ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza: amfaninsu wajen bincike da tsara shafuka, da inda haɗarinsu yake

Duk wanda ya saba bi ta Kasuwar Malam Atta da ke unguwar New Town a Accra, wadda mutanen gari ke ce wa Malata, ya san cewa yanzu ciniki ya wuce bakin rumfa. Yaron shagon da ke karɓo albasar Galmi daga Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar albasa a 2021, yana duba canjin sidi, yana duba na sefa, yana amsa saƙonnin WhatsApp daga Yamai ko Kumasi. Haka masu shagunan buga takardu na Nima da Mamobi, masu cike wa mutane takardun makaranta da na fasfo. Da yawansu tsohuwar kwamfuta suke aiki da ita, irin wadda ake saya a Tip Toe Lane kusa da Circle. Kafin azahar shafuka sun cika fuskar na'ura, ta fara nauyi, ga data tana tafiya.

Akwai ƙananan manhajoji da aka ƙera don wannan matsala. Ga bayaninsu, da waɗanda suka fi amfani, da abin da ya kamata a kiyaye.

Mece ce manhajar ƙari?

Burauza ita ce manhajar da ake shiga intanet da ita, kamar Chrome, Firefox, Edge, Opera ko Safari. Kowane shafi da aka buɗe yana da ɗan kunne a sama, wanda masu Turanci ke kira tab, masu Faransanci kuma onglet. Manhajar ƙari wata ƴar manhaja ce da ake liƙa wa burauza don ta yi aikin da ba ta zo da shi ba. A Turanci ana ce mata extension ko add-on, a Faransanci extension ko module complémentaire.

Firefox, wadda ta fito a 2004, tana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari. Chrome ta fito a 2008, ta fara karɓar manhajojin ƙari a 2010, a ƙarshen shekarar kuma aka buɗe rumbunta mai suna Chrome Web Store. Tun 2020 Edge ta koma kan ginshiƙi ɗaya da Chrome, don haka yawancin manhajojin Chrome suna aiki a kanta.

A waya ko a kwamfuta?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Chrome ta wayar Android ba ta karɓar manhajar ƙari ko ɗaya. Mai son amfani da su a Android zai iya sauke Firefox, wadda ta buɗe ƙofa ga ɗaruruwansu a watan Disamba na 2023. Masu iPhone kuwa, Safari ta fara karɓarsu tun 2021, kuma a App Store ake samo su. Mafi yawan abin da za mu ambata ya fi aiki a kwamfuta.

A fara da abin da burauza ta zo da shi

Kafin a sauke komai, yana da kyau a san cewa wasu ayyukan ba sa buƙatar ƙari:

- Ctrl da Shift da T suna dawo da shafin da aka rufe bisa kuskure.
- A Chrome, Ctrl da Shift da A suna buɗe wurin neman shafi cikin waɗanda ke buɗe. A Firefox, a rubuta alamar % a wurin adireshi, sannan a rubuta kalmar da ake nema.
- Tun 2020 Chrome tana ba da damar haɗa shafuka rukuni-rukuni, kowane da sunansa da launinsa: na canjin kuɗi daban, na makaranta daban. Firefox ta kawo nata a 2025.
- A ƙarshen 2022 Chrome ta kawo Memory Saver, wanda ke kwantar da shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba, don na'ura ta samu sarari.
- A saitin kowace babbar burauza akwai zaɓin dawo da shafukan da aka bari idan an sake kunnawa. Ga wanda batirin kwamfutarsa ya mutu, kuma ana iya ɗauke wuta a kowane lokaci, wannan ne abu na farko da ya kamata ya kunna.

Manhajojin tsara shafuka

OneTab tana rufe duk shafukan da ke buɗe ta mayar da su jeri ɗaya, sai mutum ya dawo da wanda yake so. Ta dace da kwamfuta mai ƙaramar ƙwaƙwalwar aiki, irin mai gigabayit 4.

Session Buddy a Chrome da Edge, da Tab Session Manager a Firefox da Chrome, suna adana zaman aiki gaba ɗaya. Mai shagon buga takardu zai iya adana shafukan da yake buɗewa kowace safiya, ya dawo da su da dannawa ɗaya.

Auto Tab Discard tana kwantar da shafuka, kuma mai na'ura ne ke tsara bayan minti nawa. A lura cewa shafin da aka kwantar sai ya sake lodi idan an koma masa, don haka kada a bar takardar cikewa rabi-da-rabi a tafi salla.

Tree Style Tab ta Firefox tana jera shafuka a gefe kamar rassan itace, kowane a ƙarƙashin wanda aka buɗo shi daga ciki. Ɗalibai masu bincike sun fi jin daɗinta.

Multi-Account Containers, wadda Mozilla kanta ta yi wa Firefox, tana raba shafuka gida-gida. Ana iya buɗe asusun Facebook na shago da na kai a lokaci guda ba tare da sun haɗu ba.

Manhajojin kyautata bincike

Search by Image da TinEye suna nemo asalin hoto. Idan wani ya turo hoton kaya ko mota ko fili yana neman kafin alƙalami, a danna hoton a ga ko an ɗauko shi ne daga wani shafi na daban. Haka hotunan rikici da ake yaɗawa da sunan wani gari, alhali na wata ƙasa ne ko na shekarun baya.

uBlacklist tana ɓoye shafukan da mutum ya gaji da gani a sakamakon bincike, kamar masu kwafe labaran wasu.

Wayback Machine, ta cibiyar Internet Archive da ke Amurka, tana nuna tsohon kwafin shafin da aka goge ko aka canza, in dai an taɓa adana shi.

SingleFile tana adana shafi gaba ɗaya a fayil guda, a karanta ba tare da intanet ba. Waɗanda suka ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace aka yi kwanaki cikin wahala a Gana da maƙwabtanta, sun san darajar wannan.

uBlock Origin, wadda Raymond Hill ya fara a 2014, tana toshe tallace-tallace da masu bin sawu, sai shafi ya yi sauƙi kuma data ta ragu. Sai dai daga 2024 Google ta fara kashe manhajojin da ke kan tsohon tsari a Chrome, har da wannan. Cikakkiyarta tana aiki a Firefox, a Chrome kuma akwai uBlock Origin Lite mai taƙaitaccen ƙarfi.

Bincike da Hausa

Mai neman rubutun Hausa yana da matsala ta musamman. Wasu na rubuta ƙasa, wasu kasa. A Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Najeriya an fi rubuta 'ya'ya. Sunan wuri ɗaya kuma yana zuwa da Hausa da Turanci da Faransanci: Yamai da Niamey, Damagaram da Zinder, Mallam Atta da Malata. Dabarar ita ce a haɗa rubutun biyu da kalmar OR da manyan baƙaƙe a tsakani. A sa jimla cikin alamar zance idan ana son ta fito yadda take. A rubuta site:ha.wikipedia.org don a tsaya cikin Wikipedia ta Hausa, ko site:gov.gh don shafukan gwamnatin Gana kawai, ko filetype:pdf don takardu. Mai neman canjin kuɗi na hukuma ya nufi shafin Bank of Ghana ko na BCEAO kai tsaye.

Wajen fassara, Google Translate tana da Hausa tun 2013, ta ƙara Twi da Ewe a 2022, sai Ga a 2024. Tana taimakawa a fahimci inda zance ya dosa, amma takardar yarjejeniya ko ta kotu sai an kai wa wanda ya iya harshen.

Inda haɗarin yake

Yawancin waɗannan manhajoji suna neman izinin karanta da canza abin da ke cikin duk shafin da aka buɗe. Wannan ya haɗa da saƙonni da shafin banki. Kuma suna sabunta kansu ba tare da an tambayi mai na'ura ba, don haka wadda take da aminci yau tana iya canzawa gobe.

An ga hakan a fili. The Great Suspender, manhajar kwantar da shafuka da sama da mutum miliyan 2 ke amfani da ita, mai ita ya sayar da ita a 2020 ga wani da ba a bayyana ba. A watan Fabrairu na 2021 Google ta cire ta, ta kashe ta a na'urorin mutane saboda muguwar manhaja da aka samu a ciki, wasu kuma suka sha wahala kafin su dawo da shafukansu. A 2018 Google da Mozilla sun cire Stylish bayan an gano tana tattara tarihin shafukan da masu ita ke shiga. A 2024 hukumar FTC ta Amurka ta sa kamfanin Avast ya biya dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan yawon mutane a intanet, waɗanda ya tara ta manhajojinsa, ciki har da na burauza.

Akwai kuma masu shigowa tare da manhajar kyauta, su canza injin bincike su cika fuska da talla. Idan aka sayi tsohuwar kwamfuta, ko aka karɓo ta daga wurin gyara, a duba abin da ke liƙe a burauza: chrome://extensions a Chrome, about:addons a Firefox. Duk wadda ba a san ta ba, a cire.

Abubuwan kiyayewa

1. A sauke daga rumbun burauzar kawai, ban da adireshin da aka turo ta WhatsApp.
2. A duba sunan wanda ya yi ta da ranar da aka sabunta ta, don akwai na jabu masu kama da suna. Firefox tana sa tambarin Recommended a kan waɗanda ta tantance.
3. A taƙaita izini. Chrome tana ba da zaɓin manhaja ta yi aiki sai an danna ta, ko a wasu shafuka kawai.
4. A yi harkar banki a tagar sirri, domin manhajojin ƙari ba sa aiki a can sai an ba su izini na musamman.
5. Babu manhajar ƙari da ke buƙatar lambar sirrin MoMo ko ta katin banki. Wadda ta tambaya, ta ɓarayi ce.
6. Biyu ko uku sun isa. Kowace tana cin nata rabon na ƙwaƙwalwar na'ura.
7. Wanda ke tara shafuka a OneTab ko makamanciyarta ya riƙa fitar da kwafin jerin yana ajiyewa, domin cire manhajar na iya tafiya da jerin.

A Gana, wanda aka damfara ta intanet ko aka yi wa kutse zai iya kira ko tura saƙo zuwa lamba 292 ta hukumar Cyber Security Authority, wadda dokar tsaron intanet ta 2020 ta kafa. Masu karatu a Nijar, Togo, Benin, Burkina Faso da Kwaddebuwa su fara sanar da bankinsu ko kamfanin layinsu don a rufe asusun, sannan su kai ƙara ga ƴan sanda.