Jirgin da ya shekara 29 a ɓace cikin hamada

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wasu mutane a duniya da sha'awarsu ita ce gane jiragen sama. Jirgi na wucewa sai su ce maka wane iri ne, wa ya ƙera shi, daga ina ya fito. Ni ma cutar ta kama ni tun da na zo karatu Yamai, har abokai na yi mini dariya in na tsaya kusa da filin jirgi na Diori Hamani ina ɗaga kai. Haruffan jikin jiragen ne suka fara jan hankalina. Tun yarjejeniyar Paris ta 1919 kowane jirgin farar hula yana ɗauke da alamar ƙasarsa: G ta Ingila, F ta Faransa. Tamu ta Nijar yau 5U ce, ta Najeriya 5N.

Bin waɗannan haruffa ne ya kai ni ga G-ABLK, wani ɗan ƙaramin jirgi samfurin Avro Avian, mai inji guda da fukafukai hawa biyu, jikinsa lulluɓe da kyalle. Sunansa Southern Cross Minor. Ranar 11 ga Afrilu 1933 wani matuƙi Bature, Bill Lancaster, ya tashi da shi daga Ingila zuwa Afirka ta Kudu, wai sai ya karya tarihin Amy Johnson, wadda ta yi tafiyar cikin kwana 4 da awa 6 da minti 54.

Washegari da yamma ya tashi daga Raggan ta Aljeriya ya nufi Gawo. Bai yi nisa ba injin ya mutu, jirgin ya faɗi ya kife cikin Tanezruft, inda ko tsiro babu. Ya ji ciwo a fuska amma ya fito da ransa. Da rana ya fake ƙarƙashin fiffike yana kurɓar ruwa kaɗan kaɗan, da dare ya yagi kyallen jirgin ya kunna wuta ko wani zai hango. An fita nemansa, sai dai ya kauce wa hanyar motoci. Kwana 8 ya yi yana rubuta halin da yake ciki a littafin jirgin. Rubutunsa na ƙarshe ranar 20 ga Afrilu ne.

Sai ranar 12 ga Fabrairu 1962 sojojin Faransa masu sintiri suka ci karo da shi. Gawar ta bushe, littafin na ɗaure a fiffike. Da takardunsa aka san ko wane ne, aka san jirgin. Yanzu ragowar ƙarafan na gidan tarihi na Queensland a Ostareliya.

To, ga abin da ya tsaya mini a rai. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, motocinsu sun lalace kan hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. Hamadar dai guda ce. Na san lambar jirgin Lancaster da ranar da ruwansa ya ƙare, amma ko suna ɗaya daga cikin mutum 92 ɗin nan ban iya kawo muku ba. Ku ƴan Damagaram da za ku gida hutu, don Allah ku tambayi tsofaffi a Kance da Matamai, ku rubuto mana sunayen.