Waya a Hannun Fasinja: Nazari kan Kafofin Sada Zumunta a Hanyar Garou zuwa Malanville

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi yadda matafiya ke amfani da kafofin sada zumunta a kan hanyar da ta haɗa Garou da kasuwar Malanville, a jihar Alibori ta arewacin Jamhuriyar Benin. Hujjar da take kafawa ita ce, a wannan yanki waya a cikin mota kayan sana'a ce kuma abin tarayya, don haka ra'in da ke kallonta a matsayin hanyar keɓe kai daga jama'a bai wadatar ba.

Matashiya da tattaunawa

Akasarin rubuce-rubucen masana kan fasinja da na'urarsa sun samo tushe ne daga manyan biranen Turai da Amurka. A 1963 Erving Goffman ya bayyana yadda baƙin juna a wurin taruwa ke kau da ido da gangan don mutunta juna. Michael Bull, a littafinsa na 2000, ya nuna yadda mai sanya abin sauraro a kunne ke gina wa kansa ɗaki a tsakiyar jama'a, sannan Sherry Turkle ta faɗaɗa zancen a 2011. Duk waɗannan nazarce-nazarce sun ginu a kan fasinja mai albashi, mai karatu a zuci, wanda ya san lokacin tashin jirginsa. Matafiyin Garou daban yake. Manomin albasa ne ko mai shinkafa ko 'yar kasuwa, yana hawa kabu-kabu ko motar da ba ta tashi sai ta cika, kuma cinikinsa ya rataya ne a kan Gaya da ke tsallaken kogin Neja da kuma garuruwan jihar Kebbi da ke gabas.

Abin da ya sauya lissafin shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013. A yankin da ake hulɗa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci da Hausa, alhali boko da Faransanci ake yinsa, rubutu shinge ne, murya kuwa kowa na da ita. Mutum kan kara bakin wayar kusa da leɓensa ya tambayi dillali nawa buhu ya kwana, in amsa ta zo ya sake ta a fili, na kusa da shi ya ji, direba ya sa baki, wata daga kujerar baya ta ce ai jiya ba haka aka sayar ba. Saƙon da aka aiko wa mutum ɗaya ya zama na mota guda, har da canjin naira da sefa na ranar. Binciken Jenny Aker da aka buga a 2010 ya gano cewa shigowar wayar salula kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Gaskiya ne kiran waya ta nazarta, kafin zuwan waɗannan kafofi, amma tushen abin ɗaya ne: wanda ya san farashi tun yana hanya ba a cika yi masa sakiyar da ba ruwa ba.

Rufe iyaka ya ƙara fito da wannan a sarari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar da takunkumin ECOWAS, zirga-zirga ta tsaya a gadar Malanville da Gaya, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe. Jama'a suka koma kwale-kwale. A irin wannan hali, sanin mashigar da ake ƙetarewa yau da kuɗin fito da yanayin shingayen jami'an tsaro shi ne ke raba wanda zai kai kayansa da wanda albasarsa za ta ruɓe a bakin ruwa, kuma labarin a zaurukan WhatsApp yake yawo.

Mai suka zai ce an ƙawata abin, domin matasa da dama TikTok da Facebook suke kallo, barkwanci da waƙa da wa'azi. Haka ne, sai dai ko wannan kallon a tare ake yinsa, kawuna uku a kan allo ɗaya, wanda shi kansa ya saɓa wa ra'in keɓewa. Suka ta biyu ta fi nauyi. Muryar da ke kawo farashi ita ce ke kawo jita-jita, kuma a yankin da ke maƙwabtaka da gandun dajin W, inda 'yan bindiga ke kai hare-hare, saƙon da ba a san mafarinsa ba na iya tayar da hankalin tasha guda. Wannan illa ce ta haƙiƙa, amma ba ta rushe hujjar ba, domin ƙarya ba ta yaɗuwa da irin wannan sauri sai a kafar da mutane suka riga suka dogara da ita. Akwai kuma waɗanda ba su da babbar waya, galibi mata da tsofaffi, da ke samun labari ta hannun wasu, abin da ke ba mai waya fifiko a ciniki.

Dogaron matafiya da kafofin ya shafi manufar gwamnati kai tsaye. A 2018 hukumomin Benin sun ɗora harajin sefa 5 kan kowane megabait da aka kashe a kafofin sada zumunta, suka janye shi a watan Satumba na shekarar bayan ƙorafin jama'a. Haraji irin wannan yana ɗaukar kafofin a matsayin nishaɗi, alhali a hanyar Garou kuɗin data na MTN ko Moov ko Celtiis yana cikin jarin kai albasa kasuwa, kamar kuɗin mota da ladan dillali.