Batir mai riƙe caji

Batir mai riƙe caji wani nau'i ne na ƙaramin batir da ake sake yi wa caji, wanda ba ya zubar da wutarsa da sauri idan an ajiye shi ba a amfani da shi. Yana cikin dangin baturan da ake rubuta wa NiMH a jiki, wato waɗanda aka haɗa da sinadarin nikel da wani gaurayen ƙarfe mai shan iskar haidurojin. An fi samun sa a girman AA da AAA, kuma ƙarfin wutarsa 1.2V ne. Bambancinsa da tsohon batirin NiMH shi ne, tsohon yakan rasa kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na cajinsa a wata guda ko da yana ajiye, shi kuwa wannan yakan riƙe kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari bayan shekara guda. Wannan siffa ce ta sa ya dace da gidajen da wutar lantarki ba ta tsayawa, kamar na ƙauyuka da unguwannin gefen birnin Kano.

Tarihi

Batirin NiMH ya shiga kasuwa a wajajen shekarar 1990, inda ya fara maye gurbin batirin NiCd mai ɗauke da kadmiyom, wani ƙarfe mai guba. Babbar matsalarsa ita ce zubar da caji. Mutum zai cika shi ya ajiye, idan ya waiwaye shi bayan wata biyu ko uku ya tarar ya kusa mutuwa.

A watan Nuwamban 2005 kamfanin Sanyo na ƙasar Japan ya fitar da batir mai suna Eneloop, wanda shi ne ya yi wa wannan nau'i suna a duniya. Ana sayar da shi da cajinsa tun daga masana'anta, don haka mai saye zai iya saka shi a na'ura nan take. Kamfanin Panasonic ya sayi mafi yawan hannun jarin Sanyo a 2009, kuma tun daga 2013 sunan Panasonic ne ke jikin Eneloop. Wasu kamfanoni kamar GP da Varta da Duracell da Energizer su ma suna da nasu samfurin.

Yadda yake aiki

A cikin kowane batir akwai ɓangare biyu masu musayar wuta, da wani siririn shamaki da ke raba su. A tsohon NiMH, ƙwayoyin ƙarfe sukan narke su ratsa shamakin, sai wutar ta riƙa tsiyayewa a ciki sannu a hankali. Masu ƙera sabon nau'in sun inganta shamakin, sun kuma sauya haɗin ƙarfen da ke shan haidurojin domin ya rage narkewa.

Gyaran ya zo da ɗan rangwame a yawan wutar da batirin ke ɗauka. Girman AA yakan ɗauki kimanin 1,900 zuwa 2,000 mAh, AAA kuma 750 zuwa 800 mAh. Panasonic na cewa ana iya yi wa Eneloop na yau da kullum caji har sau 2,100 a gwajin masana'anta. Akwai samfurin da ke ɗaukar kusan 2,500 mAh, amma shi cajinsa bai wuce sau 500 ba.

Amfaninsa a gida

Batirin ya fi amfani a kayan aiki iri biyu: waɗanda ke daɗewa a ajiye amma ana bukatarsu ba zato, da waɗanda ke cin batir kullum.

Tocila ita ce ta farko. Tocilar da ke rataye a zaure ko a ajiye kusa da shimfiɗa, ranar da aka ji motsi a garke ko aka ga kunama a tsakar gida ake neman ta. Batirin da ya riƙe cajinsa watanni zai kama a wannan daren. Haka fitilar goshi da manoma ke ɗaurawa wajen ban ruwa da daddare ko fita gona kafin gari ya waye.

Rediyo shi ne na biyu, kuma a nan ne ake ganin sauƙin kuɗi. A ƙasar Hausa mutane da dama na sauraron sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, da DW da RFI, da tashoshin gida irin su Rediyon Kano da Freedom Radio. Idan rediyo na cin batir biyu a mako, to a shekara ya ci 104. Batir huɗu masu caji, biyu a ciki biyu a ajiye, za su iya ɗaukar wannan aiki na shekaru.

Na uku shi ne na'urar awon hawan jini ta gida, wadda yawanci ke cin AA ko AAA guda huɗu. Mai hawan jini kan yi awo sau ɗaya ko biyu a rana, famfon na'urar kuma yana jan wuta da ƙarfi na ɗan lokaci, abin da batirin NiMH ke jurewa sosai. Sai dai ya kamata a duba takardar na'urar, domin wasu kamfanoni sun ce a saka alkalin kawai.

Sauran sun haɗa da makirufo marar waya da ake amfani da shi a masallaci da makarantar Islamiyya da wajen walima, da rimot na talabijin, da linzamin kwamfuta marar waya, da kayan wasan yara. Wasu mitocin wuta na kati suna da ɗan akwatin danna lambobi a cikin ɗaki, wanda ke komawa kan batirin AA idan kuɗin wuta ya ƙare. A irin wannan wuri batirin kan yi watanni ba a taɓa shi ba, kuma alkalin da ya daɗe yakan yi yoyo ya cinye ƙarfen na'urar. NiMH ba kasafai yake yoyo ba.

Inda bai dace ba

Batirin yarwa sabo yana ba da 1.5V, wannan kuwa 1.2V. Yawancin na'urori ba su damu ba, domin shi ma batirin yarwa ƙarfinsa na sauka ne yayin da ake amfani da shi. Amma wasu agogunan bango da ƙananan na'urori sukan nuna alamar batir ya yi sanyi alhali a cike yake. Agogon bango ma yakan shekara da batir ɗaya mai arha, don haka saka masa mai caji ba ya rage wani kuɗi.

Manyan tociloli da tsofaffin rediyoyi na cin babban batir mai girman D, irin su Tiger Head da aka sani a kantuna. Akwai kwanson roba da ake zura AA a ciki ya cike gurbin D, amma ba zai daɗe kamar babban ba. Carbin lantarki da agogon hannu kuwa ƙaramin batir mai kama da maɓalli suke ci. Wayar salula na amfani da batirin litiyom mai 3.7V, sola ta gida kuma da babban batir mai 12V ko fiye. Akwai batirin litiyom mai lamba 14500 da girmansa ya yi daidai da AA, wanda idan aka saka shi a na'urar AA zai iya ƙona ta.

A Rijiyar Zaki da kewaye

Rijiyar Zaki mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Ungogo ta jihar Kano, a yammacin birni ta hanyar Gwarzo, inda unguwanni ke haɗewa da gonaki. Kamfanin KEDCO, mai raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin wuta a 2013, shi ke kula da yankin. Kamar a sassa da yawa na Najeriya, wutar kan zo ta ɗauke ba tare da tsayayyen lokaci ba. Amfanin batir mai riƙe caji a nan shi ne, ana iya cika batura da yawa ranar da aka kawo wuta, a ajiye su har zuwa lokacin bukata. Gidan da ba shi da wuta ko kaɗan zai iya amfani da caja mai bakin USB, wadda ke aiki da ƙaramin faifan sola, ko a kai wa mai cajin waya.

Zafi shi ne babban abin lura. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai maki 40 a ma'aunin Salsiyos, alƙaluman da kamfanoni ke bugawa kuwa a kusan maki 20 aka auna su. Zafi na hanzarta zubar caji, yana kuma rage kwanan batir. Shi ya sa ya fi kyau a ajiye shi a inuwa, nesa da rufin kwano da murhu, a kuma yi caji da safe ko da daddare.

Caji da kulawa

Caja mai kyau tana lura da kowane batir shi kaɗai, ta kuma tsaya da kanta idan ya cika. Mai arha da ba ta tsayawa takan dafa batir har ya lalace. Cajar da ke ba da 500 mA na cika AA a cikin awa huɗu zuwa biyar. Ba a yi wa batirin yarwa caji, domin yana iya fashewa ko yoyo. Ba a haɗa mai caji da na yarwa a na'ura ɗaya, ko cikakke da wanda ya yi rabi. Idan hasken tocila ya fara dushewa, a cire batirin a yi masa caji, kada a bari ya mutu murus. Kada kuma a zuba shi a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, domin ƙarfe na iya haɗa bakinsa biyu ya yi zafi.

Gane jabu

Jabun batura na yawo a kasuwanni. Alama ta farko ita ce lambar da ta wuce hankali: batirin NiMH mai girman AA na gaske ba ya kai 3,000 mAh, don haka wanda aka rubuta wa 3,800 ko 4,500 abin zargi ne. Ta biyu ita ce nauyi, domin na gaske yakan kai giram 26 zuwa 30, jabu kuwa ya fi shi sauƙi a hannu. A Najeriya hukumar SON ce ke da alhakin kula da ingancin kaya.

Muhalli

Batirin NiMH ba shi da kadmiyom ko dalma, amma yana da nikel da ruwan sinadari mai ƙuna. A karkarar Kano, inda ake kwashe shara da taki daga gida zuwa gona, mataccen batir da aka jefa a juji yakan ƙare a cikin ƙasar noma. Bai kamata a ƙona shi, ko a jefa shi a rijiya ko masai, ko a bar yara su fasa shi ba. Batir mai caji guda ɗaya na iya maye gurbin ɗaruruwan na yarwa, wanda hakan ke rage yawan waɗanda ke shiga juji.