Deli

deli (sn., nj., jam. deli-deli) 1. Shagon da ake sayar da yankakken nama dafaffe ko kyafaffe, da cuku da burodi da kayan haɗi, ana auna wa mai saye a kan kanta. Asalin kalmar daga Jamusanci ne, Delikatessen, kuma Jamusawa baƙi ne suka kai irin wannan shago New York a ƙarni na 19. Daga baya Yahudawan Gabashin Turai suka rungume shi. Shagon Katz's, wanda ke birnin tun 1888, ya yi suna da fastirami: naman ƙirjin saniya da ake jiƙawa a ruwan gishiri, a shafe shi da barkono baƙi, a kyafe, a turara har ya yi laushi, sannan a yanka shi cikin burodi da mustad da kokwamba mai tsami. Wannan aikin haƙuri ne, kuma a baki ake gane shi.

2. Gidan abinci mara tsada a cikin katafaren rukunin shaguna, inda mutum kan tsaya a layi, ya nuna abin da yake so a sa masa a sanwici, ya biya, ya ɗauki tire ya nemi kujera.  Sauri shi ne amfaninsa, amma naman kamfani ba ya kamo na hannu. Musulmi ya tambaya kafin ya ci, domin naman alade ya yi yawa a nan. Deli na kosha, mai bin ƙa'idar abincin Yahudawa, ba ya sayar da shi.

*Misali:* Yaya, mu tsaya a deli mu ci wani abu kafin mu ƙarasa sayayya.