BABI NA UKU: TARIHIN MUHAWARA KAN IYAKAR MANƊIƘI A ƘASAR HAUSA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin wata tambaya da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna tattaunawa a kanta, wato ina ne hujjar hankali da kalmomin baki suke tsayawa? Abin nufi da manɗiƙi a nan shi ne ilmin auna magana, domin a bambance hujja ingantacciya da gurguwa. Za a nuna cewa muhawarar ta shafi matsayin manomin karkara kai tsaye.

3.1 Magili da Suyuɗi

Shehu Muhammadu bn Abdulkarim Al-Magili, mutumin Tilimsan, ya zo Kano wajen shekarar 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499). Shi malami ne mai riƙo da manɗiƙi, har ya tsara ƙa'idojinsa a waƙe. A daidai lokacin kuma akwai Jalaluddini Suyuɗi (ya rasu 1505) a Alƙahira, wanda wasiƙarsa ta nasiha ta iso ga sarakunan Katsina da Agadas. Suyuɗi ya haramta shagala da manɗiƙi, yana ganin ilmi ne na Yunanawa. Malaman biyu sun yi musayar baitoci a kan haka. Hujjar Magili ita ce, ana karɓar gaskiya ne saboda ingancinta, ko daga bakin wa ta fito. A ƙarnonin da suka biyo baya an ci gaba da karanta manɗiƙi a wannan yanki, musamman littafin Sullamu na Al-Ahalari. Haka kuma Muhammadu Al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a fannin.

3.2 Shehu Usmanu da Masu Ilmin Kalami

Littafin da ya fi shigar da manɗiƙi cikin karatun tauhidi shi ne Ummul Barahina na Sanusi (ya rasu 1490). Ya raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, da mustahili, da ja'izi. A ƙarni na 18 wasu ɗalibai suka wuce gona da iri, suka ce duk wanda bai iya kawo dalilan siffofin Allah bisa tsarin masu kalami ba, to imaninsa bai inganta ba. Sakamakon wannan magana babba ne, domin idan aka kafirta mutum, yankansa da aurensa da gādonsa duk sun shiga cikin shakka.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754-1817) ya yi tsayin daka wajen yaƙar wannan ra'ayi. Ɗansa Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri cewa Shehu ya wallafa littattafai wajen hamsin a kan batun. Hujjar Shehu ita ce, Manzon Allah (SAW) da sahabbansa sun karɓi kalmar shahada daga mutane ba tare da sun nemi su jero dalilai ba, kuma sau da yawa mutum yakan san abu a zuciyarsa alhali harshensa ya gaza bayyana shi. Ke nan Shehu bai soke ilmin ba, ya dai yanka masa iyaka.

3.3 Karkarar Arewacin Kano

Ƙauyukan ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici suna cikin yanki mai cunkoson jama'a, inda gona take jingine da gona. Ɗaya daga cikin jagororin jihadi a Kano, Malam Dabon Dambazau, zuriyarsa ce take riƙe da sarautar Sarkin Bai a Ɗambatta. A makarantun zaure na wannan yanki, manomi yakan fara da Ƙawa'idi, sannan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, galibi da rani bayan an kai amfanin gona rumbu. Kaɗan ne suke kaiwa ga Sullamu. Da ra'ayin masu kafirtawa ya yi rinjaye, da mafi yawan waɗannan manoma an fitar da su daga Musulunci saboda rashin iya tsara magana kurum. Har yau malami yakan rufe fatawarsa da “Allahu a'alamu”, wanda yake nuni da cewa hujjarsa tana da inda ta tsaya.

3.4 Kwatanci da Falsafar Turai

A Turai, masu falsafar feɗe magana irin su Frege da Russell sun yi burin mayar da lissafi gaba ɗaya zuwa ƙa'idojin manɗiƙi. A 1901 Russell ya gano wani tufka da warwara a tushen tsarin, sannan a 1931 Gödel ya tabbatar da cewa kowane irin wannan tsari, matuƙar ba ya karo da kansa, yana da maganganun da ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba. Wittgenstein kuwa, a littafinsa Tractatus (1921), ya kai ga cewa al'amuran ɗabi'a da addini suna bayan iyakar abin da jimla za ta iya siffantawa. Sai dai akwai bambanci. Shi Wittgenstein ya ga shiru ne ya dace a bayan wannan iyaka, su kuwa malamanmu sun ce a nan ne ake komawa ga wahayi.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa Magili ya buɗe wa manɗiƙi ƙofa a ƙasar Hausa, Shehu Usmanu kuma ya hana a mai da shi ma'aunin imanin talaka. Babi na gaba zai dubi kalmomin manɗiƙi da suka shigo Hausa daga Larabci, kamar hujja da dalili da mustahili, da yadda ma'anarsu ta sauya a bakin jama'a.