GISHIRI DA TSARIN GIDA A ZANGON HAUSAWAN AGEGE: WAIWAYE A KAN TARIHI

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna cikin Hausawan Agege a Legas zai ci karo da wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare. Idan an kama sabon ɗakin haya, ko rashin lafiya ta yawaita a gida, akan jiƙa gishiri a ruwa, a tofa addu'a, a yayyafa a kusurwoyin ɗaki da bakin ƙofa, wani lokaci har a yi wanka da shi. Masu yin haka sukan ce gado ne daga kaka da kakanni. Manufar wannan takarda ita ce ta auna wannan da'awa da ma'aunin tarihi da na harshe.

2.0 Gishiri a Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Turawa

A ƙarni na 19 gishiri dukiya ne. Ayarin Buzaye ke ɗauko shi daga Bilma da Fachi, su ratsa Azbin zuwa Damargu da Katsina da Kano. Da irin wannan ayari Heinrich Barth ya taso daga Azbin a ƙarshen 1850, kafin ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Ban da na Sahara, akwai na ƙasar Manga, da na Dallol Foga, da na Awe da Keana a kwarin Binuwai. Paul Lovejoy ya yi cikakken bayanin wannan fatauci a littafinsa Salt of the Desert Sun (1986).

Harshen Hausa ya adana shaidar wannan daraja. Akwai kantu da beza da mangul da manda, kowanne da asalinsa da amfaninsa. Kalmar manda ma aro ce daga Barebari, domin ita ce sunan gishiri a harshensu. Shi ya sa Bahaushe ke cewa "ba ni gishiri in ba ka manda" idan ana musayar abu da kwatankwacinsa. A al'ada kuwa, gishiri yana cikin kayan da ake kai wa iyayen yarinya a neman aure, ana kuma bayar da shi sadaka don neman biyan bukata.

Abin lura shi ne, a duk waɗannan wurare bayar da gishiri ake yi, ko a ci, ko a ba dabba ta lasa. Hankali ba zai ɗauka ba a ce talaka ya narkar da abin da ya yi tafiyar makonni a bayan raƙumi don ya zubar a ƙasa. Tsarin gida a wancan zamani ya fi dogara a kan laya da rubutu da tofi da turaren itatuwa.

3.0 Kafuwar Zangon Agege

Goro ne ya kawo Hausawa Agege. A da, Gwanja fatake ke zuwa sayensa. An fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Legas a 1896, ta kai Ibadan a 1901, aka haɗe ta da Kano a 1912. A daidai wannan lokaci manoma irin su J. K. Coker suka buɗe manyan gonaki a kewayen Agege, har suka kafa ƙungiyar Agege Planters' Union a 1907. Da noman goro ya bunƙasa a yankin, sai fatake suka yi zango kusa da tashar jirgi, inda ake saye, a ɗaure huhu, a loda zuwa Arewa. Daga baya cinikin shanu ya ƙara wa zangon jama'a, aka sami Sarkin Hausawa da limamai da makarantun allo.

Jirgin da ya ɗauki goro shi ne ya karya darajar kantu. Gishirin Ingila, wanda Hausawa suka kira kakanda da sunan mutanen da ke hauro da shi ta Kogin Kwara a kwalekwale, ya cika kasuwanni da araha. Ɗan zango a Ikko yana zaune a bakin mashigar wannan haja. Wannan shi ne sharaɗi na farko da ya sa zubar da gishiri ya zama abu mai yiwuwa.

4.0 Tasirin Maƙwabta da na Malamai

Sharaɗi na biyu shi ne cuɗanya. Yarabawa suna sa gishiri, wanda suke kira iyọ̀, cikin kayan raɗin suna tare da zuma da manja da goro, don yi wa jariri fatan rayuwa mai ɗanɗano. Kiristoci kuma suna da labarin Elisha da ya gyara ruwan Yariko da gishiri a Littafin Sarakuna na Biyu, kuma tsohuwar al'adar cocin Katolika ce a sa gishiri cikin ruwan albarka. A gidajen haya na Legas, inda ake tarayya a tsakar gida da rijiya, mata sun fi kowa saurin koyon magani daga juna.

Na uku shi ne hujjar addini. Ɗabarani ya ruwaito cewa kunama ta harbi Annabi (SAW) yana salla, sai ya sa aka kawo ruwa da gishiri yana shafawa a wurin, yana karanta Falaƙi da Nasi. Ibnul Ƙayyim ya kawo wannan labari a Zadul Ma'ad. Bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, suka ta yi tsanani a kan laya da tsubbu, sai ruƙiyya ta sami kasuwa, musamman daga shekarun 1990. Wasu masu ruƙiyya suka faɗaɗa hadisin daga maganin dafi zuwa korar aljanu daga gida, wasu malamai kuwa suka ce wannan ƙari ne da ba shi da nassi.

A nan akwai batun harshe. Mutane kan ce sun "tsarkake" ɗaki da gishiri, alhali a Ahalari da Ishmawi da Risala da ruwa ake kawar da najasa. Abin da suke nufi shi ne tsari, wato kariya daga sammu da maita da kambun baka. Kusancin lafazin tsarki da tsari ya taimaka wajen lulluɓe aikin da rigar ibada.

5.0 Darasin Shekarar 2014

A ranar 20 ga Yuli, 2014, Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Kafin wayewar garin 8 ga Agusta, saƙo ya zagaye ƙasa ta wayar salula cewa a yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi, a kuma sha. Musulmi da Kirista, Kudu da Arewa, aka tashi 'yan'uwa daga barci. Ministan Lafiya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, ya ƙaryata maganar, amma jaridu sun ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, da kwantar da wasu a asibiti. Abin da ya kawar da cutar shi ne killace marasa lafiya da bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da su, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Nijeriya a ranar 20 ga Oktoba. Da ba a riga an yarda gishiri na tsari ba, da saƙon bai sami masauki cikin dare ɗaya ba.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa girmama gishiri tsohon abu ne a wurin Bahaushe, amma yayyafa shi don tsarin gida ya fi kama da ɗan zamani, wanda araha da cuɗanya da sabuwar fassarar hadisi suka haifa. Yayyafi a kusurwar ɗaki ba ya cutar da kowa. Haɗarin yana wurin sha, musamman ga masu hawan jini da ƙananan yara, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi ƙasa da giram 5 a rana. Ya rage ga masana harshe su tattara sunayen gishiri da al'adunsa daga bakin dattawan zango, tun kafin kalmomi irin su beza da mangul su bi ayari su ɓace.